Kundin karatuna kan yaƙin tankoki da motoci masu sulke

4 ga Janairu

Yau na ɗaura niyyar bin littattafan da ake yawan ambata kan yaƙin tankoki da rundunonin da ke tafiya a kan mota, ɗaya bayan ɗaya, in Allah ya yarda. Burina in fitar da tsari gajere ga mai son karatun: wanne zai fara da shi, wanne zai bari sai ya yi nisa, wanne kuma zai karanta da taka-tsantsan. Abin da ya tunzura ni shi ne gardamar da ba ta ƙarewa. Da an nuna bidiyon tanka tana ci da wuta sai wasu su ce zamaninta ya wuce, wasu kuma ƙirga tankokin ƙasashe suke yi su yanke hukuncin wanda zai ci yaƙi. Ina so in ji ta bakin waɗanda suka zauna suka bincika.

Kayan aikina littafin rubutu mai kauri, biro ja da shuɗi don zana ɓangarori biyu, sai waya. Na ware ɗan kuɗin da zai sayi littafi uku ko huɗu, sauran kuma aro ne da waɗanda ake samu kyauta a intanet.

9 ga Janairu

Na fara da Toward Combined Arms Warfare na Jonathan House, wanda cibiyar nazarin yaƙi ta sojan Amurka da ke Fort Leavenworth ta buga a 1984, kuma kyauta ake sauke shi. Daga baya ya faɗaɗa shi ya sake fitarwa a 2001. Ba littafi ne mai daɗin labari ba, amma ya shimfiɗa mini harsashin komai. Tanka tana tsoron igwar da ta ɓuya a cikin duhuwa, da nakiya, da sojan da ya laɓe a rami da makami a kafaɗa. Sojan ƙasa ne ke zaƙulo mata su. Shi kuma sojan ƙasa bindiga mai sarrafa kanta ce ke hana shi ɗaga kai, tanka ce ke kawar masa da ita. Injiniyoyi ne ke share nakiya su ɗora gada, atilare kuma su danne abokan gaba har a iso. Da an cire ɗaya, sauran sun shiga uku. Na rubuta wannan a shafin farko don in riƙa auna kowane littafi da shi.

12 ga Janairu

Shafi kaɗan na karanta, aiki ya yi yawa. Na zana tsarin dibishan (babbar runduna mai dubban sojoji) na tankokin Jamus na 1940 kusa da na Birtaniya.

18 ga Janairu

Yaƙin Duniya na Ɗaya, da littafin J.P. Harris, Men, Ideas and Tanks, na 1995, wanda na aro. Ranar 15 ga Satumba 1916 Birtaniya ta fara shigar da tanka fagen fama, a yaƙin Somme da ke Faransa. Guda 49 aka tanada, da yawa sun lalace tun kafin su kai bakin daga. Mutum takwas ne a ciki, injin yana tsakiyarsu babu shamaki, ga hayaƙi ga zafi, gudunta kuma bai wuce tafiyar mutum da sauri ba.

A Cambrai, 20 ga Nuwamba 1917, an fito da sama da 400, wasu ɗauke da manyan dammunan itace da suke jefawa cikin ramuka don su haye. An fasa layin Jamus, har aka kaɗa ƙararrawar coci-coci a Ingila don murna. Ranar 30 ga watan Jamusawa suka juyo suka ƙwace yawancin abin da aka ci. Abin da ban taɓa ji ba kafin yanzu shi ne rawar atilare: igwa sama da 1,000 suka buɗe wuta kwatsam ba tare da harbin gwaji ba, shi ya sa aka shammaci Jamus. Harris bai yarda da yadda J.F.C. Fuller, hafsan rundunar tankokin Birtaniya, da magoya bayansa suka riƙa ba tanka dukan yabo ba, suna nuna janar-janar a matsayin masu taurin kai. Hujjarsa ta gamsar da ni, musamman a kan Amiens a Agusta 1918, inda aka fara da ɗaruruwan tankoki, cikin kwana huɗu zuwa biyar suka ragu zuwa 'yan ƙalilan saboda harbi da lalacewa da gajiyar matuƙa.

24 ga Janairu

Achtung – Panzer! na Heinz Guderian, janar ɗin tankokin Jamus, 1937. Rabin littafin nazarin yaƙin 1914 zuwa 1918 ne, kuma nazari ne mai kyau. Guderian jami'in sadarwa ne a wancan yaƙin, shi ya sa ya nace a sa rediyo a kowace tanka. Na haɗa shi da Storm of Steel na Mary Habeck, 2003, mai kwatanta Jamus da Tarayyar Sobiyet tsakanin 1919 da 1939. Yarjejeniyar Versailles ta hana Jamus mallakar tanka, sai suka riƙa atisaye da tankokin katako da zane da aka ɗora a kan ƙananan motoci, suka kuma buɗe makarantar tanka a asirce kusa da Kazan, cikin ƙasar Sobiyet, har zuwa 1933. Su kuma Sobiyet suna da nasu masanan, Triandafillov da Tukhachevsky, waɗanda tunaninsu na kutsawa can cikin bayan abokan gaba da runduna bayan runduna ya fi na Jamus zurfi a ganina. Stalin ya sa aka harbe Tukhachevsky a Yunin 1937, tunanin ya zama abin tsoron ambata, a ƙarshen 1939 ma aka rushe manyan rundunonin tankokin, aka dawo ana harhaɗa su cikin gaggawa a 1940.

30 ga Janairu

Mako mai ɓacin rai. Wayata ta mutu ɗif, fuskar ta yi baƙi, mai gyara ya ce sai an goge komai. Littattafan da na sauke ba matsala ba ne, an sake sauke su. Abin da ya tafi shi ne duk layukan da na ja da bayanan da na rubuta a gefen shafukan House da Habeck, domin manhajar a cikin wayar kawai take ajiye su. Abin da na kwafa a littafin rubutu ne kaɗai ya tsira. Gyaran ya cinye kuɗin littafi guda daga cikin abin da na ware, don haka The Roots of Blitzkrieg na James Corum ya fita daga jerin saye, sai dai in samu aro. Daga yau duk abin da na ja wa layi, a daren nan zan kwafe shi da hannu. Ya fi cin lokaci, amma na lura ya fi zama a ka.

6 ga Fabrairu

The Blitzkrieg Legend na Karl-Heinz Frieser ya iso, kuma kuɗinsa bai tafi a banza ba. Frieser jami'in sojan Jamus ne kuma masanin tarihi, ya fitar da littafin da Jamusanci a 1995, fassarar Turanci ta fito a 2005. Duk wanda ya ɗauka Jamus ta ci Faransa a 1940 ne saboda yawan tankoki ko ingancinsu, ya zo ya karanta wannan. Jamus ta shiga da kimanin 2,400, fiye da rabinsu ƙanana ne samfurin Panzer I da II, na farkon ma ba shi da igwa sai bindigogi biyu. Faransa ita kaɗai tana da sama da 3,000, kuma Char B1 da Somua S35 sun fi na Jamus kaurin sulke. Dibishan goma ne kawai na tankoki a rundunar Jamus, mafi yawan sauran da ƙafa suke tafiya, dawakai na jan igwa.

To ina bambancin yake? Na farko a cikin tankar kanta. A kan tankar Faransa, inda igwa take, mutum ɗaya ne: shi ne kwamanda, shi zai ɗura harsashi, ya saita, ya harba, ya kuma leƙa ya ga inda sauran suke, sau da yawa babu rediyo sai tuta. A Panzer III mutum uku ne a wurin, kwamanda ba ya komai sai kallo da ba da umarni. Na biyu mai. A Flavion, 15 ga Mayu, an ritsa dibishan ɗin tankokin Faransa na farko yana jiran motocin mai su bi tankoki ɗaya bayan ɗaya, alhali Jamusawa jarkoki masu lita 20 ake watsa musu a bakin hanya kowa ya ɗura da kansa.

Sai Sedan, garin Faransa da ke bakin kogin Meuse, wanda na kwana biyu a kansa. Motoci sama da 41,000 aka cusa cikin ƙananan hanyoyin dajin Ardennes, cunkoson ya kai tsawon kilomita 250, da jiragen ƙawance sun far musu da labari ya sha bamban. Ranar 13 ga Mayu da aka haye kogin Meuse, babu tanka ko ɗaya a cikin waɗanda suka haye. Sojojin ƙasa da injiniyoyi ne a kwale-kwalen roba, bayan jirage sun wuni suna ruwan bama-bamai. Da yamma jita-jita ta bazu a bayan layin Faransa cewa tankoki sun iso ƙauyen Bulson, sojojin atilare suka watsar da igwoginsu suka gudu, alhali sai washegari tankokin suka fara hawa gada. Ranar 20 ga Mayu suna bakin teku. Frieser ya nuna manyan hafsoshin Jamus su kansu tsoro ya kama su, suna ta ba da umarnin a dakata, kwamandojin gaba suna yin kunnen uwar shegu.

Taswirorin littafin masu kala ne, na bi su da yatsa ƙauye bayan ƙauye. Wanda zai karanta shi a waya zai yi asarar rabin amfaninsa.

11 ga Fabrairu

Panzer Leader, tarihin rayuwar Guderian da ya rubuta bayan yaƙi. Yana da jan hankali, shi ya sa yake da haɗari ga sabon mai karatu. Duk nasara tasa ce, duk kuskure na Hitler ne ko na manyansa. Maigidansa Oswald Lutz, wanda ya yi aiki mai yawa wajen kafa rundunar, an tura shi gefe. Kisan fararen hula da fursunoni a fagen gabas, wato yaƙi da Sobiyet, kuwa kamar ba a yi ba, haka nan katafariyar gonar da Hitler ya ba shi a ƙasar Poland da aka mamaye bai faɗi yadda aka raba masu ita da ita ba. Akwai kuma sakin layi a fassarar Turanci ta 1952 da ke yabon Liddell Hart, marubucin harkar soja ɗan Birtaniya, a matsayin malaminsa, wanda babu shi a ainihin na Jamusanci. John Mearsheimer ya bi diddigin wannan a littafinsa na 1988, ya nuna Liddell Hart ne da kansa ya roƙi a saka. Na yanke shawara: wannan da Lost Victories na Manstein da Panzer Battles na Mellenthin, su ma janar-janar na Jamus, ƙarshen jeri za su je, kuma da gargaɗi.

15 ga Fabrairu

Ban karanta sabon abu ba. Kwafar bayanai kawai.

20 ga Fabrairu

Supplying War na Martin van Creveld, 1977. Babu hoton tanka a bangonsa, amma babinsa kan janar ɗin Jamus Rommel a Arewacin Afirka ya fi littattafan tanka da yawa amfani. Kaya suna sauka a Tarabulus, tashar da ba ta iya sauke abin da rundunar ke bukata, babu layin dogo zuwa bakin daga, hanya ɗaya ce tal a gaɓar teku. Da Rommel ya kai El Alamein da ke Masar a 1942, tsakaninsa da Tarabulus ya haura kilomita 2,000. Motocin da ke kai man suna shanye kaso mai yawa a hanya, kamar jakin da aka ɗora wa buhun dusa ya cinye rabi kafin a isa. Kowace nasara ƙara masa nisa take yi. Van Creveld yana ganin wannan ya fi yi masa illa a kan nutsar da jiragen ruwansa da Birtaniya ke yi daga tsibirin Malta. Akwai masanan da suka saɓa masa, ni ma ina ganin ya ɗan rage wa Malta daraja, amma lissafin nisan ba ya gardamuwa. Amurkawa ma, da duk arzikinsu, mai ya yanke wa janar ɗinsu Patton a ƙarshen Agusta 1944, duk da dubban motocin da ke zirga-zirga dare da rana daga Normandy, waɗanda yawancin direbobinsu baƙaƙen fata ne.

27 ga Fabrairu

Na yi odar The Battle of Kursk na David Glantz da Jonathan House daga wani mai sayar da tsofaffin littattafai. Abin da ya iso ruwa ya taɓa jiƙa shi, shafukan taswira sun manne da juna, da na yi ƙoƙarin raba su sai takardar ta ɗaye. Mai sayarwar ya ce haka ya same shi, bai mayar da kuɗi ba. Rubutun yana karantuwa, amma Glantz ba ya karantuwa babu taswira, don sunayen runduna da ƙauyuka yake jerowa ba ƙaƙƙautawa. Na nemo taswirar yankin a intanet na buga a babbar takarda, ina zana kibiyoyi da kaina. Kuɗin da na ware ya ƙare a nan.

Kafin nan na gama When Titans Clashed nasu na 1995. A Yunin 1941 Sobiyet na da tanka sama da 20,000, Jamus ta shigo da kimanin 3,500, amma kafin ƙarshen shekara kusan duk na Sobiyet sun salwanta, da yawa ba harbi ya kashe su ba, rashin mai ne da kayan gyara.

6 ga Maris

Prokhorovka, wani ɓangare na yaƙin Kursk, 12 ga Yuli 1943. Labarin da aka daɗe ana bayarwa shi ne tankoki sun yi karo gaba da gaba, Jamus ta yi asarar ɗaruruwa. Valeriy Zamulin, Barashe da ya yi aiki a gidan tarihin wurin, ya shiga kundin ajiyar sojan ƙasarsa ya rubuta Demolishing the Myth. An tura rundunar tankokin Sobiyet ta Janar Rotmistrov cikin gaggawa, ba a leƙa filin da kyau ba, wasu tankokin suka afka ramin tare tanka da Sobiyet ɗin da kansu suka haƙa. Su ne suka yi asarar ɗaruruwa, ta Jamus kaɗan ce. Duk da haka farmakin Jamus ya mutu, saboda layukan nakiyoyi da igwogi sun riga sun tsotse ƙarfinsa tun daga 5 ga Yuli, ga kuma sabon farmakin Sobiyet ta wajen Orel.

Darasin da na ɗauka kan alƙaluma: Jamusawa ba sa lissafa tanka a matsayin asara sai ta ƙone ƙurmus ko ta faɗa hannun abokan gaba. Wadda aka ja zuwa garejin gyara ba ta cikin lissafi, ko da za ta yi wata biyu a can. Wanda ya riƙe fili bayan faɗa shi ke janye nasa ya gyara. Duk adadin da na gani yanzu sai na tambayi yadda aka ƙirga shi.

12 ga Maris

Death Traps na Belton Cooper, 1998, da Armored Thunderbolt na Steven Zaloga, 2008, a kan tankar Sherman ta Amurka. Cooper ganau ne ba jiyau ba, aikinsa a dibishan na uku na tankokin Amurka shi ne bin waɗanda aka harbe a kai su gyara, kuma inda yake bayanin wanke cikin tanka bayan an fitar da gawarwaki ya tsaya mini a rai. Sai dai wanda kullum matattun tankoki yake gani dole hukuncinsa ya karkata. Zaloga ya nuna harsasan da ke jibge a gefen tankar ne ke haddasa gobara, ba fetur ba, kuma da aka mayar da su ƙasa cikin akwatuna masu ruwa a 1944 gobarar ta ragu sosai. An ƙera Sherman kusan 49,000, Tiger I ta Jamus kuwa 1,347 kacal. Sherman sai ta haye teku kafin ta yi yaƙi, dole ta zama mai nauyin da ƙugiyar tashar jirgi da gadar soja za su ɗauka. A Arracourt, Satumba 1944, Sherman a hannun gogaggun matuƙa ta ragargaza sababbin birged na tankokin Panther na Jamus. A karanta Zaloga tukuna, sannan Cooper.

19 ga Maris

Yaƙin Oktoba 1973, daga ɓangarori biyu: The Crossing of the Suez na Saad el-Shazly, babban hafsan sojan Masar a lokacin yaƙin, da On the Banks of the Suez na Avraham Adan, kwamandan dibishan na Isra'ila. Na ƙara da nazarin George Gawrych na 1996, shi ma kyauta ne daga Leavenworth. Ranar 6 ga wata Masarawa suka narkar da tudun yashin gaɓar Suez da famfunan ruwa masu ƙarfi, sojojin ƙasa suka haye ɗauke da makamai masu linzami samfurin Sagger da rokokin RPG-7. Isra'ila, wadda nasarar 1967 ta sa ta raina sojan ƙasa da atilare, ta turo tankoki tsirara ranar 8 ga wata, aka yi musu kaca-kaca. A lokacin ma an yi ta cewa tanka ta mutu. Ranar 14 ga wata shugaban Masar Sadat ya tilasta a fita daga inuwar makaman kakkaɓo jirage don a rage wa Siriya nauyi, Shazly ya ƙi amincewa amma aka yi, Masar ta yi asarar tanka kusan 250 a yini guda. Zuwa lokacin Isra'ilawa sun koyi haɗa tankokinsu da atilare da motocin sojoji masu watsa wuta kan masu harba Sagger, domin mai harbin sai ya bi makamin da ido yana juya shi har ya isa. Shazly ya burge ni da yadda ya lissafa komai, har nauyin da soja ɗaya zai iya hawa tudu da shi.

25 ga Maris

Babin Libiya a Arabs at War na Kenneth Pollack, 2002. A 1987 sojojin Chadi ƙarƙashin Hassan Djamous, a motocin Toyota a-kori-kura ɗauke da makamin fasa tanka na Milan da Faransa ta ba su, sun tarwatsa sansanin Libiya a Fada ranar 2 ga Janairu, suka ƙwace Wadi Doum a watan Maris. Tankokin T-55 na Libiya suna tsaye wuri guda babu masu leƙen asiri, motocin suna zagaye su ta gefe da baya. Jiragen Faransa kuma sun taƙaita na Libiya. Pollack yana da son yanke hukunci kan al'umma gaba ɗaya, wannan ɓangaren ban bi shi ba, amma bayanin faɗan kansa a tsare yake.

31 ga Maris

Tsarin ya fara fitowa. House ne ƙofa, van Creveld na biye da shi tun kafin a taɓa labarin wani janar. Daga nan Harris da Habeck don asali, Frieser don 1940, Glantz da Zamulin don gabas, Zaloga don yamma, Shazly da Adan a karanta su tare. Tarihin rayuwar janar-janar ɗin Jamus a ƙarshe.

Saura ɓangaren injin kansa, wanda har yanzu na fi rauni a kai: sulke, sarƙa, giya da igwa. An yi mini alkawarin aron Tanks: 100 Years of Evolution na Richard Ogorkiewicz. Bayansa Military Power na Stephen Biddle, da abin da aka rubuta kan shigar tankokin Rasha birnin Grozny na Chechnya ranar 31 ga Disamba 1994, sai rahoton cibiyar RUSI ta Landan na Nuwamba 2022 kan watannin farko na yaƙin Yukren, don in ga abin da jirage marasa matuƙa suka canza. Littafin rubutun ya kusa cika, zan sayi na biyu kafin in fara.